Jinjina ga Matuƙan Jiragen SkyWest

Matuƙan kamfanin SkyWest, mai hedikwata a jihar Utah, suna haɗa ƙananan garuruwan Amurka da manyan filayen jirgi, suna jigilar fasinjojin kamfanonin United, Delta, American da Alaska. Tun 2013, galibi sai mutum ya cika awa 1,500 yana tuƙi kafin a ɗauke shi mataimakin matuƙi. A wuni guda sukan tashi su sauka sau da dama, su jira a wanke ƙanƙarar fukafukai da asuba, su kwana otal nesa da iyali. Wannan juriya ta cancanci yabo. Ƙarancin matuƙa ya sa albashi ya ƙaru a 2022, kuma ritayar dole a shekara 65 tana buɗe musu gurabe a manyan kamfanoni.