Zuba Buhun Haske Cikin Tiya

An ɗaura aure a Ƙauran Namoda bayan sallar Juma'a, rana na dukan tsakar ka. Abokin ango ya ɗauki komai da iPhone, kuma a wayarsa abin gwanin sha'awa: shadda na walƙiya, zaren aikin wuyan riga sai ka ƙirga shi. Ana tura wa Tecno ɗin Hajiya, uwar amarya, sai hoto ya koɗe, kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Fuskoki sun yi toka-toka, jan mayafi ya koma ruwan bulo. Ga edita, mai tace bidiyo, ake kai ƙara: "Ɗana, mi ya samu hoton ga?"

Ba abin da ya lalace. Tun daga iPhone 12, wadda ta fito a 2020, akasarin wayoyin Apple na ɗaukar bidiyo da tsarin HDR, mai faɗin zangon haske. Yawancin wayoyi da talabijin ɗin da ke hannun mutanenmu kuwa tsohon tsarin SDR suka sani, wanda ƙa'idarsa, Rec. 709, ta samo asali tun 1990. Ana auna hasken allo da ma'aunin nit. An tsara SDR a kan nit 100; HDR kan kai 1,000, wani nau'insa ma an yi masa lissafi har 10,000. Tsakanin baƙi da fari SDR na da matakala 256, HDR na da 1,024, ga launuka masu zurfi waɗanda tsohon allo bai san da su ba. Wayar Hajiya ta karɓi lambobin ne ta karanta su da tsohon ma'auni.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu awon hatsi ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi zai gane matsalar nan take. Buhu ne aka ce a juye cikin tiya. Dole wani abu ya zube, kuma gwanintar edita duka tana wajen zaɓen abin da zai zube.

Ɗan koyo yakan bi ɗayan hanya biyu. Ko ya datse duk abin da ya haura 100, sai babbar rigar ango ta zama farin fili, ba zane ba ɗinki, kamar an yanke ta da almakashi. Ko ya danne hasken gaba ɗaya don ceton rigar, sai fuskar da ke ƙarƙashin rawani ta nutse cikin duhu. A wajenmu wannan kuskure na biyu ya fi ciwo, domin baƙar fata da farin tufa a rana tsaka su ne suka fi nisa da juna a ma'auni, kuma kullum tare suke a hotunanmu.

Gwani daga fuska yake farawa. Yana buɗe DaVinci Resolve, ya gaya wa manhajar ainihin tsarin da aka ɗauki hoton da shi, sannan ya kafe hasken fata inda ya dace, bai ƙara taɓa shi. Daga nan ya hau sama a hankali. Ya san farin yadi daban, ƙyallin da ke kansa daban; a ƙa'idar HDR farin takarda na zama wajen nit 203, abin da ya ɗara haka walƙiya ce. Sai ya lanƙwasa saman layin hasken, ba karyawa ba, lanƙwasawa irin ta mai saƙar faifai, ta yadda ɗaruruwan matakan ƙyalli za su matsu cikin 'yan kaɗan na ƙarshe. Shaddar ba za ta kashe ido kamar a iPhone ba, amma furannin jikinta na nan. Bayan haka ya koma kan launi ɗaya bayan ɗaya: ja da ya fi ƙarfin allo ya janyo shi ciki ba tare da ya zama ruwan goro ba, lallen amarya ya tsaya a lallensa. Idan sararin sama ya fara yin zobe-zobe saboda ƙarancin matakala, sai ya yayyafa masa ɗan tsaki-tsakin da ido ba ya kamawa, zoben ya narke. Wannan dabarar ta fi burge ni: da gangan ake ƙara datti don hoto ya yi tsafta.

Manya ma sun sha fama da abin. BBC da NHK ta Japan suka haɗu suka ƙirƙiro wani nau'in HDR mai suna HLG, wanda ƙasan layin haskensa ke kama da na tsohon tsari don tsofaffin alluna su iya nuna wani abu, kuma a kansa iPhone ta gina nata. Shi ya sa hoton ke fitowa a koɗe maimakon ya ƙi buɗuwa ko ya rikice. YouTube kuma na yin juyin daga HDR zuwa SDR da kansa. Amma bidiyonmu ba ta can yake bi ba. Ta Xender da katin memori yake tafiya, hannu zuwa hannu, kamar yadda kowa ya gani ƙarara lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Fayil ɗin da zai je Zurmi a aljihun ɗan acaɓa ba shi da mai gyara shi a hanya.

Don haka edita bai yarda da allon kwamfutarsa kaɗai ba. Da ya gama, sai ya tura wa wata tsohuwar itel mai tsagaggen gilashi da ya ajiye don wannan aikin, ya fita ƙofar shago, ya kare ta da tafin hannu, ya nemi fuskar ango. In ya ga ƙwayar ido da zaren wuyan riga a lokaci guda, sai ya kira yaro ya kai wa Hajiya.