Kwanon Shayi ko Dutsen Kallo?

Gidan Raku na Kiyoto ya haura shekara 400 yana gina kwanon shayi, tun zamanin Chojiro, wanda ya yi wa gwanin shayi Sen no Rikyu aiki a ƙarni na 16. Da tafin hannu suke ɗaga yumɓu, su kankare shi da wuƙa, su gasa baƙin kwano ɗaya-ɗaya, su zaro shi daga wuta yana ja wur.

Kwanukan Chojiro masu kunya ne, ba ado, ba hayaniya. Kichizaemon na 15, haifaffen 1949, ya karanci sassaƙa a Tokiyo, ya ƙaro ilimi a Roma, ya gaji gidan a 1981, sai ya yi watsi da kunyar. Kwanukansa na yakinuki, da ake gasawa da wuta mai tsanani, gefensu kaifi gare shi, kamar daga tsauni aka ɓantaro su.

Ido yana ƙoshi, babu musu. Sai dai kwanon shayi tallabarsa ake yi da hannu biyu, a juya shi, a kai baki. A ganina aikinsa ya fi kyau inda kaifin ya tsaya a waje, cikin ya bar wa maburgin gora filin kaɗa matcha. Inda sassaƙar ta cinye leɓen kwano, mai shan shayi ya zama ɗan kallo, kwanon kuma wurinsa bayan gilashi a gidan tarihin Sagawa.