Lahadi Huɗu Kafin Kirsimeti: Jiran Da Ke Gyara Mai Jira

A wurin mabiya Katolika da Angilikan da Lutheran, shekarar ibada ba a Janairu take kamawa ba. Tana farawa ne ranar Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, da lokacin da ake kira Adbent, wato makonnin jiran zuwan Almasihu.

Da azumi al'adar ta soma. A ƙarni na 5, Bishop Perpetuus na birnin Tours, a Faransa ta yau, ya tsara azumin kwana uku kowane mako daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Daga baya cocin Roma ya tsaya kan Lahadi huɗu. Kibɗawan Masar kuwa har gobe suna azumin kwana 43 kafin bikin Kirsimetinsu na 7 ga Janairu. Kyandirorin Adbent da ake kunnawa bi da bi sun zo a makare: wani malamin addini Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, ya ƙirƙiro al'adar a Hamburg a 1839, don yaran da yake reno su riƙa ganin yadda ranar ke matsowa.

Zuciyar lokacin tana cikin karatun da ake yi a coci. Lahadin farko ba ta maganar jariri a komin dabbobi. Maganarta komowar Almasihu ce da ranar shari'a. Ta biyu da ta uku na Yohanna Mai Baftisma ne, mai kiran mutane su tuba. Sai a ta huɗu ake juyowa ga Maryamu. Tsarin yana koya wa mai bi cewa kafin ya yi murnar wanda ya zo, sai ya tambayi kansa ko ya shirya wa wanda zai dawo. Shi ya sa firist ke sa shunayya, launin tuba, ake kuma ajiye waƙar ɗaukaka sai daren Kirsimeti.

Tuban da Yohanna ya nema kuwa na aiki ne. A Bisharar Luka ya umarci mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji ya daina ƙari, soja ya bar ƙwace. Wannan wa'azi bai tsufa ba a Jos ko Kaduna ko Wusasa, inda Adbent ke faɗowa cikin sanyin hunturu, kasuwa ta cika, hankali ya koma kan ɗinki da shinkafa da kuɗin motar zuwa gida.

Ba laifi ba ne a yi ɗinki. Amma wanda ya share ƙofar gida don babban baƙo, ya bar ɗaki da datti, bai gama shiri ba. Abin da makonnin nan ke nema shi ne a biya bashi, a nemi gafarar wanda aka ɓata wa, a tuna da gwauruwa da maraya, tun ranar ba ta zo ba.