Jinjina ga Ɗaliban Alpha Phi Omega

Ɗalibin jami'a a Amurka ba shi da rarar lokaci: ga karatu, ga fafutukar kuɗin makaranta. Duk da haka 'yan ƙungiyar Alpha Phi Omega sukan sadaukar da Asabar ɗinsu ga yaran sikawut. Abin gado ne. Frank Reed Horton ya kafa ƙungiyar a Kwalejin Lafayette cikin 1925 bisa aƙidar sikawut, har ma kafin 1967 sai wanda ya taɓa zama ɗan sikawut ake ɗauka.

Wani reshen kan ɗauki nauyin rundunar yara sukutum. Sai ka ga ɗaliba ta durƙusa tana koya wa yaro ƙullin igiyar tanti, ya kwance, ta sake nuna masa, har hannunsa ya faɗa. Yaron ke tafiya da lambar ƙwarewa. Ita ko sisi ba a biyanta.