Kakin Rambo da Kakin Ali Banana

Wandon nan mai dabbare-dabbare irin na soja ba ya kwana a hannun ƴan gwanjo, ko a Tasawa ko a Mayahi ko nan Kona. Samari rububinsa suke, wani har da ɗaura ƙyalle a goshi, wai shi Rambo. Gidajen bidiyo suka koya mana haka: yaƙin kurmi na wani ƙaton Ba'amurke ne, ƙirji waje, harsashi rataye kamar carbi, shi kaɗai ya share Biyetnam. Shi ya sa nake so mu duba littafin Burma Boy na marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya fito da Ingilishi a 2007. Cikinsa mai yaƙin kurmin da Hausa yake magana.

Ali Banana yaron maƙera ne da bai wuce shekara 14 ba. Ya yi ƙaryar shekaru, aka ɗauke shi sojan Ingila, aka kai shi Bama yaƙi da Japan. Banana ƙagagge ne, amma rundunar da ya shiga gaskiya ce. Ita ce Chindit, ta Janar Orde Wingate, wadda aikinta shi ne a sauke ta da jirgi can bayan abokan gaba ta datse musu hanyar jirgin ƙasa da ta abinci. A farmakin da aka soma ran 5 ga Maris 1944 akwai bataliya uku ta Najeriya: ta 6, ta 7 da ta 12. Har yau akwai barikin soja a Zariya mai sunan Chindit, kuma mutane nawa ke wuce shi ba su san daga ina sunan ya fito ba?

Abin da ya fi burge ni shi ne marubucin ya san soja jaki ne kafin ya zama zaki. Ɗan Chindit na tafe da kaya kusan kilo 30 a baya: bindiga, harsashi, adda ta saran kurmi, bargo, abincin gwangwani na kwanaki. Kakin kore ne, ruwa da gumi su jiƙa shi har ya ruɓe a jiki. Matsattsaku na shan jini, zazzaɓi da atuni na kayar da mazaje. Abinci daga sama ake jeho shi da laima, har sansanin da su Banana suka tsare ya samu suna White City saboda fararen laimomin da suka maƙale a itatuwa. Alfadaran da ke ɗaukar kaya kuwa an yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka su tona asiri. Ku gaya mini fim ɗin Rambo da aka taɓa nuna wannan.

Sai kuma harshe. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya ta wancan zamani, ko kai ba Bahaushe ba ne. Bandele ya bar ta tana leƙowa ta cikin Ingilishinsa: samanja, kyaftin, farabiti, da zolaya irin ta zauren gari. Samanja Damisa, wanda ya riƙe Banana kamar ɗa, in yana magana sai ka ji tsohon da ka sani. Ɗalibin da Ingilishinsa na lakwal ne kawai ma zai ji yana gida.

To amma ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. Littafin bai buɗe da Banana ba. Da Wingate ya buɗe, a wani otal na Alƙahira, yana neman halaka kansa. An ba Baturen ciwon rai mai zurfi tun shafin farko, yaronmu kuwa ya shigo da surutu da wauta, abin dariya, sai can ƙarshe aka bar shi ya yi nauyi. Na san za a ce ai yaro ne, kuma dariyar ce ke sa kukan ƙarshe ya yi ciwo. Na yarda rabi. Sai dai wa ake ba dariyar? Mai karatu a Landan ya daɗe da sanin hoton baƙin soja mai biyayya da ban dariya, littafin kuma ya ɗan jima yana lallashinsa.

Na biyu, ya zaɓi Chindit, masu suna. A kwarin Kaladan, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta ratsa inda mota ba ta shiga saboda tana da dubban ƴan dako, sojoji ne cikin kaki amma gammo ne makaminsu, suna ɗauke da harsashi da abinci a ka. Turawa suka yaba dabarar, su kuwa masu wuyan da suka ɗauka ba a cika jin labarinsu ba. Ni da a ce zan zaɓa, labarin mai gammo nake so.

Mu nan tsallaken iyaka namu kurmin daban ne. Faransa ta kwashi mutanenmu zuwa Indoshin tsakanin 1946 da 1954, Janar Saini Kunce ma can ya yi soja kafin Aljeriya. Jar dara ce alamarsu a fareti, da faffaɗar addar da Faransawa ke tsorata abokan gaba da ita. Da suka dawo, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi yana karɓar ninkin-ba-ninkin. Sai bayan fim ɗin Indigènes na 2006 aka yi babban gyara, lokacin galibinsu sun kwanta dama.

Bandele daga bakin mahaifinsa, wanda ya yi Bama, ya fara jin labarin. A gidajen mazan jiya na Tasawa da Mayahi akwai adakar da ke ɗauke da lambar girma, katin soja da hoto mai jar dara, kuma tsofaffin matan da suka yi jiran masu kayan wasunsu na nan da rai. Ƙungiyarmu tana da biro da takarda, Tasawa kuma ba nisa.