Iyaye biyu na dutse a maƙabartar Vladslo

A yammacin ƙasar Beljik, kusa da garin Diksmuide, akwai wani ƙauye ana ce da shi Vladslo. A gefen ƙauyen, cikin itatuwa, akwai maƙabartar sojan Jamus da suka mutu a Yaƙin Duniya na farko, na 1914 zuwa 1918. Mutum fiye da 25,000 ke kwance a wurin. An shimfiɗa duwatsu a ƙasa, kowane dutse ɗauke da suna 20. Can ƙarshen filin akwai mutum-mutumi biyu na dutse, namiji da mace, a durƙushe. Ba gumaka ba ne, ba mai yi musu bauta. Siffar uba ce da uwa waɗanda aka kashe wa ɗa.

A yau ana yawan cewa zane da sassaƙa maganin baƙin ciki ne. Har a wasu asibitoci na Turai da Amurka akan ba waɗanda suka ga tashin hankali takarda ko yumɓu, a ce su fitar da abin da ke ransu. Maganar tana da gaskiya, amma masu faɗinta sukan mai da ita kamar ƙwayar ciwon kai: a haɗiya da safe, a tashi garau da maraice. Duwatsun Vladslo sun isa mu auna wannan magana da su, don wadda ta yi su ita ce uwar yaron, kuma shekara 18 ta yi tana fama da aikin.

Wace ce ita?

Sunanta Kete Kolwits, Jamusawa na rubuta shi Käthe Kollwitz. An haife ta a 1867 a birnin Königsberg, wanda yau yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad. A 1891 ta auri wani likita mai suna Karl, suka zauna a unguwar talakawa ta birnin Barlin. Matan ƴan ƙwadago da yaransu masu jiran ganin mijinta, su ta riƙa zanawa, har ta yi suna da hotunan yunwa da talauci. Ta haifi ƴaƴa maza biyu, Hans da Peter.

A 1903 ta yi wani zane na mace a tsugune, ta ƙanƙame gawar ɗanta, ta cusa fuskarta a jikinsa. Yaron da ta ɗora bisa cinyarta tana duban madubi tana zanawa, Peter ne, yana da shekara 7. A lokacin ba ta san abin da ke tafe ba.

Sa hannun da ya zama ciwo

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914, Peter yana da shekara 18. Ya ce sai ya shiga soja. Dokar ƙasarsu ba ta yarda yaro kamarsa ya tafi ba sai da sa hannun uba. Karl ya ƙi. Peter ya koma wajen uwa, ita kuma ta roƙi mijinta har ya yarda. A watan Oktoba aka kai yaron fagen daga a Beljik. Kwana 10 ko makamancin haka da barinsa gida aka harbe shi kusa da Diksmuide. A wannan fage ne kuma, cikin makwannin nan, sojan Afirka ta Yamma da Faransa ta kwaso suka yi ta mutuwa a ɗaya ɓangaren.

To, jama'a, sai mu lura. Baƙin cikin wannan mata ruɓi biyu ne. Akwai rashin ɗa, akwai kuma sanin cewa da bakinta aka buɗe masa ƙofa. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane abin da ya sa aikin ya daɗe haka ba.

Aikin farko da ya ƙi yiwuwa

Tun a watan Disamba na 1914 ta ƙudura za ta yi wa Peter abin tunawa. Fasalin da ta fara da shi ga shi: yaron a miƙe kwance, uba wajen kansa, uwa wajen ƙafafunsa. Nufinta a girmama samarin da suka ba da ransu don ƙasa. Ta bar ɗakin Peter yadda ya bar shi, tana shiga tana zama, tana fita ta koma ga yumɓu. Shekara kusan 5 tana gini tana rushewa. A 1919 ta aje aikin ɗungum.

Me ya hana shi yiwuwa? Hannu dai bai gaza ba, don a shekarar nan ta 1919 aka shigar da ita babbar majalisar masu fasaha ta Prusiya, ita ce mace ta farko da aka zaɓa a cikinta. A ganinmu fasalin ne ke ɗauke da maganar da zuciyarta ta daina yarda da ita. Yana cewa mutuwar Peter hadaya ce mai daraja. Ita kuwa cikin shekarun yaƙi ta fara ganin an yaudari samarin, na Jamus da na sauran ƙasashe duka. Shaidar haka, a watan Oktoba na 1918 wani marubucin waƙoƙi mai suna Richard Dehmel ya yi kira a sake fitowa a yi yaƙin ƙarshe. Ta mai da masa martani a jaridar Vorwärts, ta kwatanta samari da hatsin da manomi ke ɓoyewa don shuka. Kowane manomi ya san ko yunwa ta yi tsanani ba a kai iri ga turmi.

Wannan shi ne darasi na farko. Yumɓu ya ƙi karɓar lallashin da take yi wa kanta. Da ta gama wancan aiki, da Jamus ta samu ƙarin dutse ɗaya na yabon jarumai, irin waɗanda suka cika garuruwanta bayan yaƙi, ita kuma ta zauna da ciwonta a lulluɓe.

Daga nan ta juya ga wata sana'a: a sassaƙa hoto a jikin allo, a shafa baƙar tawada, a danna takarda kamar yadda ake buga hatimi. A 1921 da 1922 ta yi hotuna 7 irin wannan a kan yaƙi. Ba bindiga ko fagen daga a cikinsu. Mata masu takaba ne, da iyaye, da samari da mutuwa ke ja tana kaɗa musu ganga. A ɗaya daga ciki uba da uwa sun durƙusa sun rungumi juna, sun zama dunƙule guda. Nan ne tushen aikin Vladslo.

Abin da ido ke gani

A 1924 ta koma ga aikin. A 1926 ita da Karl suka je suka ga kushewar ɗansu a maƙabartar Roggevelde. Ta yanke shawara biyu masu nauyi. Ta farko, ta fitar da gawar yaron daga aikin gaba ɗaya. Ta biyu, ta ce a maƙabartar za a kafa shi, iyayen su fuskanci kaburbura. Ta gama ginin siffofin, masassaƙa biyu, August Rhades da Fritz Diederich, suka fitar da su a dutse mai tauri. A watan Yuli na 1932 aka kafa su. Cikin shekarun 1950, da aka tattara ƙananan maƙabartu wuri ɗaya, aka kai ƙasusuwan Peter da duwatsun biyu Vladslo.

Uban yana durƙushe, bayansa a miƙe, ya naɗe hannuwansa a ƙirji ya riƙe kansa da kansa, kamar mai tsoron in ya saki zai watse. Fuskar Karl ce. Idonsa na bisa dutsen da ke ɗauke da sunan Peter. Uwar kuwa ta sunkuya gaba, ta lulluɓe jikinta da mayafi, ta tattare hannuwanta cikinsa. Fuskar Kete ce. Ba ta ɗaga ido ta dubi kaburburan ba.

Ƙarfin aikin yana wurare uku. Na ɗaya, rashin yaron. Tun da ba shi, duk wanda ke kwance a filin ya zama ɗansu, kuma mai kallo yakan ji giɓin da kansa. Na biyu, tazarar da ke tsakanin iyayen. A hoton allo sun rungumi juna, a dutse kowa da gindinsa, ba mai taɓa wani. Duk wanda ya zauna gidan da aka yi rashin ɗa ya san wannan: miji da mata a ɗaki ɗaya, kowa da nasa kukan. Na uku, durƙuson. Mun saba yaro ke durƙusa wa iyaye. A nan tsofaffi ne suka durƙusa gaban yara, kamar masu neman gafara. Ba tuta, ba takobi, ba alamar nasara. Ta sa fuskarta da ta mijinta a wurin masu laifi, a bainar jama'a, cikin dutsen da ba ya gogewa.

Inda za a yi ƙorafi

Aikin bai rasa abin faɗi ba. Ana iya cewa ya yi shiru da yawa. Sojan da ke kwance a wurin, rundunar da ta mamaye Beljik ce, ƙasar da ba ta shiga rigimar ba. Duwatsun ba su ce komai game da mutanen ƙasar da aka rushe wa garuruwa ba, ba su kuma nuna shugabannin da suka tura yaran ba. Laifin da suka ɗauka na cikin gida ne kawai. Wanda ke neman tuhuma sai ya koma ga hotunanta na takarda, kamar wanda ta yi a 1924 na saurayi ya ɗaga hannu sama yana rantsuwar ƙin yaƙi.

Irin wannan shiru yana da haɗari, abin da ya faru da wani aikinta ya nuna haka. A 1937 ta fara wani ɗan ƙaramin mutum-mutumi na tagulla, bai kai rabin mita ba: tsohuwa a zaune, gawar ɗanta babba tsakanin gwiwoyinta. A 1993, zamanin Helmut Kohl, gwamnatin Jamus ta sa aka yi irinsa ninki 4 a girma, aka kafa shi a ginin Neue Wache na Barlin don tunawa da duk waɗanda yaƙi da zalunci suka hallaka. Masana da yawa, har da masanin tarihi Reinhart Koselleck, sun soki abin. Sun ce siffar uwa da gawar ɗa, wadda ta samo asali daga hotunan coci, ba za ta tsaya a madadin Yahudawan da ƴan Nazi suka kashe ba, iyaye da yara tare. Muna ganin suna da gaskiya. Abin da mace ɗaya ta gina daidai tafin hannunta don ciwonta, in hukuma ta kumbura shi ta rataya masa mutuwar miliyoyi, sai ya haɗa wanda ya kashe da wanda aka kashe ƙarƙashin mayafi ɗaya. Na Vladslo ya tsira daga wannan don yana nan inda mai shi ta nufa, gaban kushewar ɗanta.

Shin ta warke?

In warkewa ita ce mantawa, ba ta warke ba. Shekara 23 bayan mutuwar Peter tana nan tana gina uwa da gawar ɗa. Duniya ma ba ta ba ta hutu ba. A 1933 ƴan Nazi suka tilasta mata fita daga majalisar masu fasaha. A 1936 ƴan sandan ciki suka yi mata tambayoyi da barazana. Karl ya rasu a 1940. A 1942 aka kashe jikanta a fagen daga na Rasha, shi ma sunansa Peter. A 1943 bam ya rushe gidanta na Barlin. Ta rasu ran 22 ga Afrilu 1945, saura kwanaki kaɗan yaƙi ya ƙare a Turai.

Amma a jera ayyukanta a duba. Matar 1903 kamar za ta haɗiye gawar ɗanta don zafin rai. Uwar 1932 ta sunkuyar da kai ta ɗauki laifinta. Tsohuwar 1937 ta sa hannu a baki tana tunani, ɗaya hannun yana riƙe da yatsun yaron a hankali. A ɗaya daga cikin zanenta na ƙarshe kuwa, na farkon shekarun 1940, uwa ce ta buɗe hannuwa ta rufe yara uku, ta ɗaga kai, ta hana su fita. Matar da ta roƙi miji ya sa hannu a 1914 ta zana matar da ta ƙi. Ciwon bai tafi ba, amma ya sake kama, daga abin da ke cin ta a ɓoye ya koma abin da take iya dubawa, ta nuna wa wasu, ta yi gargaɗi da shi.

Ga abin da za mu ɗauka, ƴan uwa. Aikin hannu yana taimakon mai baƙin ciki ta hanya biyu. Yana ba shi abin da zai tashi ya yi kowace safiya, kuma yana ƙin yarda in ya yi wa kansa ƙarya. Amma ba ya gaggawa, ba ya kuma alkawarin mai da mutum yadda yake dā. Idan an yi rasuwa, masu gaisuwa sukan zo su ce a yi haƙuri, bayan kwana 40 kowa ya kama gabansa, a bar uwa da ɗakin da ba kowa. In kun ga irin wannan uwa ta duƙufa ga saƙa ko ginin tukwane, tana yi tana warwarewa, kada ku ce ta zauce, kada ku ƙidaya mata kwanaki. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Kete Kolwits ta dafa nata shekara 18, ga shi can a Vladslo, ruwa na dukansa, ƴaƴan waɗanda suka yaƙi juna suna zuwa suna tsayawa gabansa.