Wa Ya Fasa Allon Banɗakin NASA?

Fim ɗin Hidden Figures na 2016 ya burge mu, mu masu rubuta manhaja, musamman inda Dorothy Vaughan ta koya wa kanta FORTRAN don kada sabuwar kwamfutar IBM ta raba mata baƙaƙen fata da abincinsu. Sai dai ya kwafsa a wuri ɗaya. An nuna shugaban sashe, farar fata, yana fasa allon banɗakin wariya da ƙarfe. Wannan shugaba ƙirƙirarsa aka yi. Katherine Johnson ta gaske ba ta jira izinin kowa ba, banɗakin fararen ta riƙa shiga abinta. An ɗauke jarumtarta an miƙa wa maigida. Mun san wannan rabon a ofisoshinmu: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.